Malamai Biyar da Littattafan Hira na Farko

Tun kafin Turawa su zo ƙasar nan Hausawa suna da rubutu, suna kuma da labari, amma abubuwan nan biyu ba su cika zama a tabarma ɗaya ba. Rubutu na malamai ne. Da shi a ke kwafe littattafan addini, a rubuta waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi, a aika wa sarki takarda, a ajiye sunayen sarakunan da suka shuɗe da shekarun da kowa ya yi bisa gadon sarauta. Labari kuwa na dare ne, na tsofaffin mata da yara. In an ci tuwo, wata ya yi fari, sai a kewaye kaka ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi, a yi ta yi har barci ya kwashe na kwashewa. Ba wanda ya ke tsammani malami mai mutunci zai fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya ɓata takarda mai tsada wadda aka ƙetaro hamada da ita a bayan raƙumi, don kawai ya rubuta abin da bai faru ba. Ko tatsuniyoyin da aka tara a farkon zamanin Turawa, kamar littattafan nan uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, abin da malamai suka tarar a bakin mutane ne suka rubuta. Ba su ne suka ƙago shi ba.

Da aka kawo rubutun boko sai wata wahala ta ɓullo wadda ba a yi shirinta ba. Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga nan makarantu suka yi ta ƙaruwa cikin larduna, har aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don a riƙa koyar da waɗanda za su koyar. Yara suka iya haɗa baƙi da wasali, suka fita makaranta, amma ba abin karantawa sai 'yan littattafan aji waɗanda tuni suka haddace. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci kun fi kowa sanin wannan. Karatu kamar fartanya ya ke, in aka jingine shi damina ɗaya ko biyu sai tsatsa ta ci shi. Sabo da haka a wajen shekarar 1930 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta fara zama a Kano sa'an nan ta koma Zariya. Aikinta shi ne ta juya littattafan Larabci da na Ingilishi zuwa Hausa, a cikin abin da ta fitar kuwa har da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shugabanta, Dokta R. M. East, ya duba ya ga fassara kaɗai ba za ta ƙosar ba. Mutane ba za su so karatu ba sai sun sami littafin da aka haifa a cikin harshensu, mai daɗin da zai hana su barci. Aka sake wa ofishin suna ya zama Hukumar Talifi, watau mai tsara sababbin littattafai.

A cikin 1933 Dokta East ya zaga manyan garuruwan Arewa, yana tara malamai da ma'aikatan En'e da duk wanda aka san shi da hannu a rubutu, yana gaya musu an sa gasa. Abin da a ke so littafin hira ne na kalmomi kamar 20,000, wanda mutum ya ƙago da kansa, ba wa'azi ba, ba kuma fassara ba. Daga baya, a 1936, shi East ya rubuta labarin wannan yawo nasa a wata mujalla ta London, ya ce babbar wahalar da ya fara gamuwa da ita ita ce ya sa malaman su yarda cewa aikin ya cancanci a yi shi. A wurinsu ƙaga labari wasan mata da yara ne, in ma ba a kira shi ƙarya tsagwaronta ba.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a nan, don wannan shakka ba ta mutu tare da mutanen wancan zamani ba. Har yau akwai wanda labari ke yi masa yawo a ka, ya ɗauki alƙalami, sai zuciyarsa ta ce masa, kai da girmanka za ka zauna kana shara ƙarya? To, amsar tana nan a zauren malaman nan kansu. Littafin Maƙamatu na Hariri, wanda almajiri ba ya shiga sahun masana lugga sai ya sauke shi, mene ne in ba labarun wani mayaudari mai daɗin baki ba, wanda a ke kira Abu Zaidu, da abokinsa Harisu mai ba da labarinsa? Kalila wa Dimna fa, inda dila da zaki da sa su ke magana kamar fadawa? Ba wanda ya taɓa ce wa masu waɗannan littattafai maƙaryata. Maƙaryaci so ya ke ka ɗauki abin da bai faru ba a kan ya faru, don ya cuce ka. Mai littafin hira kuwa tun daga bangon littafi ya gaya maka ƙage ne, ku biyu kun san haka, kamar yadda yara suka sani in kaka ta buɗe tatsuniya. Abin da ya rage a kansa shi ne halin mutanen da ya ƙago ya zama halin mutane na gaske, har mai karatu ya ce, wannan ai maƙwabcina ne.

Duk da nauyin jikin da aka yi, rubuce-rubuce sun iso Zariya. Aka tace, aka gyara, a 1934 aka fara buga guda biyar: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East. Ku lura da shekarun waɗansunsu. An haifi Imam a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a 1912, watau samari ne 'yan shekara ashirin da kaɗan, sababbin fitowa daga Kwalejin Katsina, ɗaya yana koyarwa a Midil ta Katsina, ɗaya a ta Bauci. Ba su taɓa ganin littafin hira na Hausa ba, don babu shi. Ba wanda za su duba su kwaikwaya. Kowa sai ya lalubi abin da ke cikin jakarsa, abin da kowa ya zaro kuwa dabam ne da na ɗan'uwansa.

Malam Bello Kagara, wan Imam, shi ne babba a cikinsu, don an haife shi a 1890. Yana yaro mai wayo Turawa suka ci Kwantagora a 1901, suka kori Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, sa'an nan a 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi, aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Mutanen da suka riƙe takobi a waɗannan wurare ya tashi a cikinsu, ya ji kirarinsu da kunnensa. Da ya zo rubutu sai ya ƙago jarumi guda, Ganɗoki, ya sa shi a tsakiyar waɗannan yaƙe-yaƙe na gaskiya, yana fama da Nasara, yana ƙin zama a ƙarƙashin mulkinsu. Wannan kashi na littafin shi ne mai jini a jika. Kana karantawa kana jin ƙarar tambari da haniniyar dawaki, kirari yana bin kirari, har ka ga kamar mai maganar yana tsaye a gabanka da zufa. Amma da Ganɗoki ya bar ƙasar Hausa ya nufi gabas da ɗansa Garba Gagare, ya faɗa ƙasashen aljannu yana ta karkashe dodanni, a ganina sai littafin ya yi sauƙi kamar buhun da aka zazzage rabinsa. Abin mamaki ya fi yawa a can, amma ba ya taɓa zuciya, don mai karatu ya san ba abin da zai sami jarumin. A Burmi kuwa mutane sun mutu da gaske, marubucin ma ya san waɗanda suka yi kukansu.

Wanda ke neman abin da zai rubuta, to, ga wurin farawa. Ya tambayi kansa, wane abu ne na gani da idona, ko na ji daga bakin wanda ya gani, wanda in na mutu ban faɗa ba ya tafi ke nan? Ba lalle sai yaƙi ba. Rabon gado da ya raba 'yan'uwa, ko shekarar da fari ya kori ƙauye, ko ranar da aka ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so, duk sun isa su ɗauki littafi.

Shaihu Umar ya bi wata hanya. Ba kirari a cikinsa, ba barkwanci, maganarsa a kwance ta ke kamar ta dattijo. Wani malami ne a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. Uwarsa ta auri wani bafade Makau, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada suka ƙulla masa sharri wajen sarki, aka kore shi daga gari. A cikin wannan rikici aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya isa Kano, wani Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilmi. Uwar kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha azabar bauta har Tarabulus. Sun sadu daga ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Malam Abubakar bai tsaya ko sau ɗaya ya yi dogon jawabi a kan munin cinikin bayi ba. Ya bar mai karatu ya bi matar nan a baya, ƙafa da ƙafa, yana ganin yadda a ke taya ta kamar akuya. Wanda ya kai ƙarshen littafin ba ya bukatar a gaya masa kome. Wannan ita ce dabarar da masu fara rubutu suka fi kasawa a kanta, don mu mutane ne masu son wa'azi, da mun ga mai sauraro sai mu hau mumbari. In kana so a ƙi rowa, kada ka ce rowa mugun abu ce. Nuna mana mai rowa yana ƙirga ƙwayar gero da fitila a hannu, matarsa tana jiransa a bakin rumbu da ƙwarya.

Shi marubucin nan ya zama Firayim Minista na Nijeriya a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. Ɗan littafin da ya rubuta yana saurayi kuwa Mervyn Hiskett ya juya shi da Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, a 1976 Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim.

Ruwan Bagaja shi ne wanda yara suka fi rububi, har yau kuwa in ka ambaci Malam Zurƙe ɗan Muhamman a gaban wanda ya yi makaranta a Arewa sai ka ga ya murmusa. Alhaji Imam ya fita neman wani ruwa mai warkar da cuta don ya wanke wa limamin da ya rene shi kunyar da aka ba shi a fada. A hanya duk garin da ya sauka sai ya yi kiciɓis da Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. Imam bai ɓoye inda ya samo wannan tsari ba. Ya faɗa da bakinsa cewa Abu Zaidu da Harisu na Maƙamatu ya duba. Amma fa ka karanta littafin daga farko har ƙarshe ba za ka ji ƙamshin Basra ba. Kasuwar tamu ce, alƙalin namu ne, da dogarai, da 'yan caca, da masu gidan baƙi, zagin da a ke yi da ba'ar duk irin na bakin tasha ne. Ya ari ƙwarya ne, furar da ke ciki shi ya dama abarsa. Ya kuma gane wani abu wanda ya kamata kowane mai ƙaga labari ya riƙe: jarumi shi kaɗai ba ya ɗaukar littafi. Sai an ba shi abokin karawa wanda ya yi daidai da shi a wayo, wanda mai karatu zai riƙa ɗokin sake ganinsa. Ruwan da aka fita nema, mutane da yawa sun manta yadda aka same shi, amma ba su manta Zurƙe ba.

Idon Matambayi labarin ɓarayi ne da dabarunsu, bai kuwa yi farin jinin sauran ba. Jiki Magayi shi ne ya fi kusa da zaman gida na yau da kullum. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi. Asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Soyayya da kuɗi da auren da aka yi don dukiya, waɗanda marubutan Kano suka cika kasuwa da su bayan shekara hamsin, ashe tun 1934 an taɓo su.

Da East ya ga hannun Imam sai ya roƙi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya ya zauna wajen wata shida, aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. A nan ne ya koyi sana'ar sosai, ya kuma faɗi waɗansu daga cikin abubuwan da East ya koya masa. Ɗaya a kan juya magana ne daga wani harshe. In wani ya faɗi magana mai daɗi da Larabci ko da Ingilishi, kada ka zama bawan kalmominsa kana bin su ɗaya ɗaya. Ka fahimci abin da ya ke nufi sarai, sa'an nan ka nuna gwaninta a harshenka kamar yadda ya nuna a nasa. Dubi labarin Kalala da Kalalatu. Asalinsa tatsuniyar Jamus ce, ta wata kuyanga mai dafuwa wadda ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta kuma haɗa maigida da baƙon tsere don ta rufa wa kanta asiri. Imam ya mai da su miji da mata, ya raɗa musu sunayen da tun daga jinsu ka san halinsu, ya zaunar da su a gida irin namu. Ba yaron da ya taɓa karanta shi ya ce baƙo ne. Ya kuma ɗinke labarun littafi na farko da zare guda, watau aku mai magana wanda ke ba ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa hannun maƙiya. Sabo da wannan zare, in labari ɗaya ya ƙare ba ka ajiye littafin, don kana so ka ji ko yaron zai fita.

Wani abin da East ya koya masa shi ne kada ya bar mugu ko mazambaci ya ci nasara a kan mutumin kirki. Ko da ya fara da ƙarfi, a ƙarshe a kayar da shi. Ga littafin da za a ba yara a makaranta wannan shawara ce mai kyau, East kuwa littattafan makaranta ya ke nema. Amma ni ban ɗauke ta doka a kan kowane littafi ba, don littattafan 1934 kansu ba su bi ta sau da ƙafa ba. Uwar Shaihu Umar ba ta yi wa kowa laifi ba, ta mutu a baƙin wuri, waɗanda suka sayar da ita kuwa ba mu ga an tsire su a kasuwa ba. A Jiki Magayi ba wanda ya fita da riba, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya ɗauki kaya mafi nauyi. Da an lanƙwasa waɗannan labaru don kowa ya sami sakamakonsa kafin shafin ƙarshe, da sun zama tatsuniya. Manya sun san duniya, sun ga azzalumin da ya mutu a kan gadonsa. Abin da ba za su yafe wa marubuci ba shi ne ya sa zalunci ya yi kyaun gani.

Masu waƙa su ba su jira gasar kowa ba, don gonarsu tsohuwa ce. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi, da 'yarsa Nana Asma'u, a ke rubuta waƙa da ajami bisa ma'aunin Larabawa, da amsa-amo a ƙarshen kowane baiti, a buɗe da sunan Allah, a rufe da salati. Suna da wata hanya ta koyo wadda har yanzu ban ga wadda ta fi ta ba, ita ce tahamisi. Mutum ya ɗauki waƙar wani gwani mai ɗango biyu biyu, ya ƙara ɗango uku nasa a kan kowane baiti su zama biyar, ba tare da ya karya kari ko ya kauce wa ma'ana ba. Waƙar nan Tabban Haƙiƙan haka ta iso mana: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta juya ta da Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wanda ya gwada wannan a kan baiti goma zai san nauyin kowace gaɓa, don gwanin yana tsaye a kansa kamar maƙeri a kan ɗan zuga. Kari kuwa kunne ke gane shi, ido ba ya gani. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, a ka ya ke tsara Infiraji yana rerawa, waɗansu su rubuta, ga ta nan ta shiga bakin mutane har waɗanda ba su san sunan mai ita ba. Sabo da haka in ka rubuta baiti, tashi ka rera shi da ƙarfi. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, nan gaɓa ta yi yawa ko ta kasa. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da Mu'azu Haɗeja, su suka nuna cewa wannan tsohon ma'auni zai ɗauki sabon kaya. Sa'adu ya yi wa sojan da suka komo daga Bama maraba da waƙa bayan yaƙin duniya na biyu, ya kuma yi wa sarakunan Arewa gargaɗi a kan abin da ke tafe, Mu'azu kuwa ya yi a kan ilmin zamani da giya da karuwanci.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai mun daɗe a kansa ba. A Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya. A zamanin yaƙi da jahilci na shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu arha don manyan da suka koyi karatu, kafin a rufe ta a 1959, a 1966 kuma aka kafa kamfanin NNPC. Wani abu ɗaya dai ya daɗe bai sake ba: duk marubutan nan maza ne, alhali kuwa tatsuniya tun asali a hannun mata ta ke. Sai a 1980, shekara 46 bayan littattafan farko, NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito daga wata gasa da kamfanin ya sa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Balaraba Ramat Yakubu da mata da yawa suka shigo, har a 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla.

Duk da yawan abin da aka buga, filin da ba a nome ba ya fi wanda aka nome. Fataken da suka yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna suna kai kanwa su komo da goro, har waɗansu suka zauna a zangon Kumasi ba su komo ba, labarinsu yana jiran mai rubutawa. Haka alhazan ƙafa da suka yi shekaru a hanyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan, jikokinsu suna can har yau suna jin Hausa. Ga 'yan haƙar kuza na Jos, da leburorin da suka ɗora dalar gyaɗa a Kano buhu bisa buhu, da farin 1973 wanda ya kashe dabbobi ya watsa ƙauyuka daga Damagaram har Katsina. A garinku da wuya a rasa tsoho ko tsohuwa da ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa gidansu. Je ka gaishe su, ka zauna, ka bar su su yi magana, in ka komo gida ka rubuta yadda suka faɗa, da irin kalmominsu, kada ka gyara musu baki. Sa'an nan ka ƙago mutum guda, ka raɗa masa suna, ka ba shi abin da ya ke so ƙwarai da wanda zai tare masa hanya, ka sa shi a tsakiyar abin da aka gaya maka, kamar yadda Malam Bello ya sa Ganɗoki a Burmi. In ka cika shafi biyu uku, tara mutanen gida da dare ka karanta musu, kana duban fuskokinsu. Inda suka fara hamma ka sa alama, da safe ka rage wurin.

Kalmomi 20,000 ɗin nan da East ya nema a 1933 suna da ban tsoro a ji, amma shafi guda na littafin rubutu irin na 'yan makaranta yana ɗaukar kalma wajen 200 in hannun mutum bai cika girma ba. Wanda ya riƙa cika shafi ɗaya kowace rana bayan sallar lisha, a cikin kwana 100 zai kai adadin, watau wata uku da kwana goma, kamar daga girbin gero zuwa tsakiyar ɗari.